Shin yarjejeniyar cinikin Afirka ta yafe kuɗin fiton mota?

Labarai biyu ke yawo a wayoyin mutane game da yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wato AfCFTA, kuma kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Na farko ya ce an yafe kuɗin fito, duk motar da ta sauka a wata tashar jiragen ruwa ta Afirka za ta tsallaka kowace iyaka kyauta. Na biyu ya ce ina, ai shiri ne na hana shigo da motocin gwanjo baki ɗaya, mai niyyar saye ya hanzarta. Dillalin da ke son kayansa su tashi yau shi ke yaɗa na biyun. Na farkon kuwa ya fi daɗi a bakin mai karɓar kuɗin mutane da alƙawarin kawo musu mota a rabin farashi. Babu ko ɗaya daga cikinsu a yarjejeniyar.

An sa mata hannu a Kigali ranar 21 ga Maris, 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu, 2021, sakatariyarta tana Accra. Ƙasashe 54 cikin 55 na Tarayyar Afirka sun sa hannu, ban da Eritiriya.

Wajen "kashi 90" aka fara ɓata. Wasu sun ɗauka ragin kashi 90 aka yi a kan kuɗin fito. Abin da aka ce shi ne kowace ƙasa za ta janye kuɗin fito daga kan kashi 90 na nau'o'in kayan da ke cikin jadawalinta, sannu a hankali, cikin shekara 5, ko 10 ga ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba. Kashi 7 an ba su ƙarin lokaci, kashi 3 kuwa an yarda ƙasa ta ware su ta ci gaba da karɓar kuɗinta. Ƙasar ce, ko ƙungiyar kwastam da take ciki, ke zaɓar abin da zai shiga kowane rukuni. Wadda ke da masana'antar harhaɗa motoci kuwa, kowa ya san inda zuciyarta za ta karkata.

Amma a bar wannan ma. Babban shingen shi ne ƙa'idar asalin kaya. Sassaucin na kayan da aka yi a Afirka ne, ba na kayan da suka yada zango a Afirka ba. A ce mota ta yi shekara tara tana yawo a titunan Osaka, aka loda ta a jirgi, ta sauka a Kwatano ko Lome ko Mombasa. Aka wanke ta, aka yi mata sabon fenti, aka sa mata sababbin tayoyi, har da lambar ƙasar da ta sauka. A idon yarjejeniyar tana nan 'yar Japan. An ma ambaci irin waɗannan ayyuka da suna, wanki da fenti da goge-goge da ɗan haɗe-haɗe mai sauƙi, an ce ba sa sauya wa kaya asali. Jami'in kwastam ba sai ya yi dogon musu da kowa ba. Zai leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, inda lambar jikin mota take, mai haruffa da alƙaluma 17. In ta fara da J, Japan ce. In W ce, Jamus. 1 ko 4 ko 5, Amurka. (Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin Japan suna da nasu tsarin lambar daban, wanda shi ma ke tona asirinsu.)

To wace mota ce za ta iya cin moriya? Irin su Hilux da ake ƙerawa a Durban, ko Polo ta Kariega a Afirka ta Kudu, ko Dacia ta masana'antar Renault da ke Tanja a Maroko. Su ma sai sun cika sharaɗin yawan kaya da aikin Afirka da ke jikinsu, sun zo da takardar shaidar asali daga hukumar ƙasar da ta fitar da su. Wannan sharaɗi na motoci yana cikin waɗanda aka fi daɗewa ana ja-in-ja a kansu, domin ƙasar da ke ƙera gangar jiki da inji ba ta son a daidaita ta da wadda ke ɗaura tayoyi da kujeru kawai. Ko an yafe kuɗin fito, harajin VAT da sauran kuɗaɗen cikin gida suna nan.

Mai shirin "a nemo takarda" ya saurara. Kwastam ɗin ƙasar da kaya suka shiga suna da ikon tuhumar takardar shaidar asali, su tambayi hukumar da aka ce ta bayar, su dakatar da sassaucin har amsa ta zo. In ta tabbata ta bogi ce, cikakken kuɗin fito ya dawo, sannan hukunci ya biyo baya bisa dokar kwastam ta ƙasar, domin yarjejeniyar ta bar wa kowace ƙasa nata. A wurare da dama wannan ya kai ga tara da ƙwace motar. Wanda sunansa ke kan takardun shigo da kaya shi za a riƙe, dillalin da ya ce "bar ni da su" ya riga ya kashe waya.

Batun hana gwanjo kuma, ƙasashe ne ke yin nasu, tun kafin a haifi yarjejeniyar. Kenya ba ta karɓar motar da ta haura shekara 8. Afirka ta Kudu ta toshe ƙofar kwancen mota in ban da 'yan keɓaɓɓun dalilai. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Ba AfCFTA ce ta kawo ko ɗaya ba, ba kuma ita za ta ɗage su ba.

Inda abin ke ɗan sosa mini rai shi ne wa aka yi wa sauƙin. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, kashi 40. Waɗannan su ne tasi da ƙananan bas-bas ɗin da ke kai mutane aiki da asibiti. Na yarda cikinsu akwai waɗanda bai kamata a bari su hau titi ba, masu hayaƙi, wasu an cire musu jakar iskar kariya, kuma na yarda nahiyar da ba ta ƙera abin hawanta za ta daɗe tana cin ragowar wasu. Sai dai sassaucin ya faɗa kan sabuwar mota fil, wadda ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni ke saye. Direban haya da ke tara kuɗin bas mai shekara goma sha biyu zai biya kuɗin fitonsa cif, kamar yadda ya biya kafin 2021, kuma daga aljihun fasinja zai fanshe shi.