Tambayoyin Ɗaliban Samaru Kan Tashoshin Bincike na Antatika

A hunturun bana, muna zaune wajen mai shayi a Samaru kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, wasu ɗalibaina suka tsare ni da tambayoyi kan masu bincike a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya. Ga abin da na amsa musu.

Malam, sanyin can ya kai yaya?

A tashar Vostok ta Rasha an auna digiri 89.2 ƙasa da sifili ranar 21 ga Yulin 1983. Namu na Zariya ko a lissafi bai shiga ba.

To ta ina abinci da kaya ke isa gare su?

Nan ne aikin yake. Tashar McMurdo ta Amurka, wadda ta fi kowace girma, jirgin ruwan kaya sau ɗaya yake zuwa mata a shekara, shi ma sai wani jirgi mai fasa ƙanƙara ya buɗe masa hanya. Ku ɗauka mota ɗaya ce ke shiga kasuwar Sabon Gari a shekara: abin da aka manta, sai baɗi.

Daga McMurdo ake tura kaya zuwa tashar Amundsen-Scott da ke can ƙarshen kudancin duniya. Wasu a jiragen sama samfurin LC-130, masu sulɓi a kan ƙanƙara, wasu kuma taraktoci ke jan su, manyan buhunan roba cike da mai, tafiyar kusan kilomita 1,600 ta makonni. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Oktoba kusan ba shiga ba fita a Amundsen-Scott. A ganina mai lissafin man nan ya fi farfesa muhimmanci, domin da mai ake samun lantarki, da shi ake ɗumama ɗaki, da shi ake narka ƙanƙara ta zama ruwan sha. Shi ya sa wanka a can minti biyu ne, sau biyu a mako.

Me suke nema da suke shan wannan wahala?

Tarihin iska. Sukan haƙo ƙanƙara doguwa kamar bututu, a cikinta akwai 'yan ƙwayoyin iska da suka maƙale tun lokacin da ta zuba. Wadda aka haƙo a wani tudun ƙanƙara da ake kira Dome C ta nuna yanayin duniya na shekara 800,000. Kowane guntu sai an auna shi, an sa masa lamba, an kai shi ɗakin gwaji a wata nahiyar ba tare da ya narke ba. Kuma daga awon tashar Halley ta Ingila aka sanar a 1985 cewa rufin ozon, mai tare mana cutarwar hasken rana, ya huje.

In mutum ya kwanta ciwo fa?

Akwai likita. A 1961 likitan wata tashar Sobiyet, Leonid Rogozov, shi ne marar lafiyar, sai ya yi wa kansa tiyatar afendis.

Afirka na da ƙafa a can?

Afirka ta Kudu na cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu a yarjejeniyar Antatika, mai tsara yadda ake amfani da nahiyar, a 1959. Tana da tasha mai suna SANAE IV, jirginta na tashi daga Kef Tawun.

Da wane lokaci suke aiki, tunda an ce rana ba ta faɗuwa?

A Amundsen-Scott rana sau ɗaya take fitowa a shekara, sau ɗaya take faɗuwa, don haka agogon Niyu Zilan suke bi. Ɗaya daga cikin yaran ya ce, "To azumi fa, Malam?" Na ce wannan sai mu kai wa malaman cikin birni.