Ƙullin gammo: alamominsa da hanyoyin rubuta sunansa

Ƙullin gammo wani nau'in ƙulli ne a lissafi, wanda za a iya shimfiɗa shi a jikin gammo ba tare da igiyar ta hau kanta ba. Gammo a nan na nufin zobe mai kauri da rami a tsakiya, kamar wanda ake ɗora wa tulu. Ɗaliban lissafi a Damagaram sun fi saninsa da sunan Faransanci, nœud torique. A wurin masu lissafi ƙulli ba shi da baki: an haɗe bakunan igiyar biyu, don haka ana iya jan sa, a murɗa, a miƙe, amma ba a yanka.

Lambobi biyu

Ana rubuta shi T(p,q). Igiyar tana kewaya gammon sau p, tana ratsa raminsa sau q. Marubuta sun saɓa kan wace lamba ce ta fari, sai dai saɓanin bai da illa, domin T(p,q) da T(q,p) ƙulli ɗaya ne. Sharaɗin shi ne kada a sami wata lamba, ban da 1, da ke raba p da q duka babu saura. Idan an samu, igiyoyi fiye da ɗaya ne za su fito a sarƙe, misali T(2,4), zobe biyu masu gitta juna sau 4. Zanen dagi da ake gani a bangon wasu gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da wuyan riguna, a siffarsa mafi sauƙi, irin wannan sarƙa ce. Idan kuwa p ko q ta zama 1, babu ƙulli, zobe ne kawai.

Mai tufka igiya ya san abin a hannu ko da bai san sunansa ba. A murɗa sili biyu su gitta juna sau 3, a haɗe sama da ƙasa, an sami T(2,3), ƙulli mai ganye uku. Kitso mai sili uku kuwa daban ne, tun da ana ɗaukowa ne daga dama sannan daga hagu. Idan aka rufe shi bayan gittawa 4, ƙullin siffar takwas ke fitowa, shi kuma ba na gammo ba ne.

Tarihi

A 1867 Lord Kelvin ya kawo ra'ayin cewa ƙwayoyin zarra ƙulle-ƙulle ne. Ra'ayin bai yi ƙarko ba, amma ya sa Peter Guthrie Tait na Edinburgh ya shiga jera ƙulle-ƙulle tun wajen 1876. Shi da Kirkman da Little sun kai jerin har masu gittawa 10 a wajen 1900, dukkansa da zane da ido, ba tare da hujjar cewa biyu daga ciki sun bambanta da gaske ba.

Hujja ta fara samuwa ne ta kan ƙullin gammo. A 1914 Max Dehn ya tabbatar cewa mai ganye uku na dama da na hagu, wato hotonsa na madubi, ba ɗaya ba ne, duk juyin da za a yi musu. Otto Schreier ya faɗaɗa aikin a 1924 ga dangin baki ɗaya. A 1928 Karl Brauner ya nuna cewa waɗannan ƙulle-ƙulle suna fitowa daga aljabara, a kusa da inda lanƙwasar z^p + w^q = 0 take tsukewa. Daga wannan hanya ce John Milnor ya yi hasashensa na 1968 kan sau nawa igiya za ta ratsa kanta kafin ƙullin gammo ya warware, hasashen da ya jira shekara 25 kafin Kronheimer da Mrowka su tabbatar da shi a 1993. Jacob Rasmussen ya kawo wata hujjar a 2004 wadda ta fi kusa da ƙirga.

Alamomin da ba sa canzawa

Alama a nan ita ce duk wata lamba ko jimlar lissafi da ke nan daram kowace irin murɗa aka yi wa ƙulli. A yawancin ƙulle-ƙulle sai an sha wuya ake samun ta. A ƙullin gammo p da q sun wadatar.

Adadin gittawa mafi ƙaranci shi ne ƙaramin cikin p(q−1) da q(p−1). Kunio Murasugi ya tabbatar da haka a 1991. T(3,4) na da 8, T(3,5) na da 10, T(4,5) na da 15.

Lambar (p−1)(q−1)/2 tana amsa tambayoyi biyu. Ta farko, yawan ramukan shimfiɗa mafi sauƙi da ƙullin zai zame mata gefe. Ta biyu, sau nawa za a bar igiya ta ratsa kanta kafin ƙullin ya warware, wanda shi ne abin da hasashen Milnor ya warware. Ga T(2,3) amsar 1 ce, ga T(3,5) kuma 4.

Adadin gadoji, wanda Horst Schubert ya ƙirƙiro a 1954, shi ne ƙaramin cikin p da q. Yawan silin da ake buƙata a tufka ƙullin ma haka.

Folinomiyar Alexander, wadda aka buga a 1928, ita ce (t^pq − 1)(t − 1) a raba da (t^p − 1)(t^q − 1). Ga mai ganye uku ta zama t² − t + 1. Rauninta shi ne ba ta bambanta ƙulli da hotonsa na madubi. Ta Vaughan Jones, ta 1984, tana bambanta su: mai ganye uku na dama yana da t + t³ − t⁴. Duk da haka su biyun tare ba su isa shaida ba, domin T(2,5) da wani ƙulli mai gittawa 10, wato 10₁₃₂, amsa ɗaya suke bayarwa a kowacce.

Rukunin ƙullin, wato tsarin aljabara na hanyoyin zagaya igiyar, yana da haruffa biyu da doka ɗaya, x^p = y^q. Burde da Zieschang sun nuna a 1966 cewa a cikin ƙulle-ƙulle na gaske, wato waɗanda ba zobe kawai ba ne, na gammo kaɗai ne rukuninsu ke da cibiyar da ba fanko ba, wato akwai wata hanyar zagaye da amsa ba ta canzawa ko an sa ta gaban kowace hanya ko bayanta. Kowane ƙullin gammo ba ya rabuwa zuwa ƙananan ƙulli biyu, kuma ya bambanta da hotonsa na madubi, wanda ake rubutawa T(p,−q).

Hanyoyin rubuta suna

Tsarin Alexander da Briggs na 1927, wanda jadawalin Dale Rolfsen na 1976 ya yaɗa, shi ya fi shahara. Babbar lamba adadin gittawa ce, ƙaramar kuma matsayi a jeri. T(2,3) shi ne 3₁, T(2,5) 5₁, T(2,7) 7₁, T(2,9) 9₁, T(3,4) 8₁₉, T(3,5) kuma 10₁₂₄. Ƙaramar lambar ba ta faɗin komai game da ƙullin, kuma mai kallon 8₁₉ da 10₁₂₄ ba zai gane ƴan gida ɗaya ba ne. Abin da ya jefa su can ƙasan jeri shi ne igiyarsu ba ta bin sama, ƙasa, sama, ƙasa bi da bi. Dangin T(2,q) kaɗai ke bin wannan tsari.

Tsarin John Conway na 1970 yana rubuta 3₁ da [3], 8₁₉ kuma [3,3,2−].

Tsarin Dowker da Thistlethwaite na 1983 an yi shi ne don kwamfuta. Ana bin igiya ana sa wa gittawa lamba, kowacce ta sami mara ɗaya da cika ɗaya, sai a jera masu cikar. 3₁ ya zama 4 6 2, 5₁ kuma 6 8 10 2 4.

A rubutun tufka, T(p,q) shi ne (σ₁σ₂…σₚ₋₁) a maimaita sau q, inda σ₁ ke nufin gittawar sili na ɗaya da na biyu, σ₂ ta na biyu da na uku, haka har zuwa sili na p.

Matsayinsa a cikin ƙulle-ƙulle

Wajen ƙarshen shekarun 1970 William Thurston ya nuna cewa kowane ƙulli na gaske yana cikin ɗayan gida uku: na gammo, na goyo (ƙullin da aka ɗaura a cikin kaurin wani ƙulli), ko haifabolik (wanda sararin da ke kewaye da shi ke da wata lanƙwasa ta musamman). A ƙidayar Hoste da Thistlethwaite da Weeks ta 1998, wadda ta ƙirga ƙulle-ƙullen da ba sa rabuwa zuwa ƙananan ƙulli biyu, ta kai gittawa 16 ta kuma tara fiye da miliyan 1.7, na goyo 20 ne, na gammo 12.