Idan kifi ya tsallake dam a Teksas, wace doka ke hawa kansa?

A Amurka akwai wani kifi da masu fatsa ke ji da shi, suna kiransa striped bass, wato bas mai ratsi, saboda baƙaƙen layukan da suka bi jikinsa daga kai zuwa wutsiya. Asalinsa kifin teku ne da ke hawowa koguna ya yi ƙwai. A farkon shekarun 1940, da aka datse ruwan Santee da Cooper a jihar Karolina ta Kudu, wasu suka maƙale a bayan dam, sai aka tarar suna rayuwa har suna hayayyafa ba tare da sun koma teku ba. Tun daga nan jihohi suka shiga zuba shi a tafkunansu. A tsakiyar shekarun 1960 kuma masana suka haɗa shi da ɗan'uwansa farin bas, aka samu ruwa-biyu, wanda ya fi jure zafin ruwa. Ruwa-biyun ba alfadari ne sak ba, yakan ɗan haihu jefi-jefi, amma ba ya isa ya riƙe tafki da kansa, sai hukuma ta ci gaba da zubawa.

To, tafkin da ba a taɓa zuba masa kifin ba, amma yana ƙasan wani dam ɗin da aka zuba, ana samunsa a ciki? Ƙwarai kuwa. Idan ruwa ya cika aka buɗe ƙofofi, ko ya malalo ta kan mafitar ambaliya, kifi na bi. Ƙanana sukan ratsa ta injinan lantarki wasu su fita da rai. Ƙwan bas mai ratsi ma ba ya manne wa dutse ko ciyawa, yawo yake yi a cikin ruwa na kusan kwana biyu kafin ya ƙyanƙyashe, don haka duk inda ruwa ya nufa nan zai je. Ruwa-biyun ya yi suna wajen ficewa daga tafki da zarar an saki ruwa mai yawa. Ga kuma waɗanda ke hawowa daga ƙasa, su zo su ci karo da bangon dam su taru a gindinsa, inda ruwa ke da sanyi, ga ƙananan kifayen da inji ya jigata suna fitowa a banza.

Dokar jihar Teksas ba ta tambayar inda kifi ya fito. Abu biyu take dubawa: wane iri ne, kuma a wane ruwa aka kama shi. Saboda haka wanda ya duba jerin tafkunan da hukumar kula da namun daji ta jihar ta zuba wa kifi, bai ga nasu ba, ya ce babu ruwansa da wannan doka, shi ya jiyo.

Ƙa'idar da ta game jihar ita ce: bas mai ratsi da ruwa-biyu ana lissafa su a haɗe, guda 5 a rana, ba 5 na wannan da 5 na wancan ba. Kowanne sai ya kai inci 18, kusan santimita 46. Awon kuwa ana yinsa ne baki a rufe, a matse wutsiya, daga ƙarshen baki zuwa ƙarshen wutsiyar. Farin bas shi an sassauta masa: guda 25 a rana, tsawon inci 10. A tsakanin waɗannan alƙaluman biyu mutane ke faɗawa. Ɗan ruwa-biyu mai inci 13 kamarsa ɗaya da ƙaton farin bas ga wanda bai ƙware ba. Idan farin bas ne halal ɗinka ne, idan ruwa-biyu ne ka karya doka. Kuma sau da yawa garke ɗaya suke kiwo.

Yadda ake bambancewa shi ne a buɗe bakin a duba bayan harshe. Farin bas tabon haƙora ɗaya gare shi a tsakiya, mai ratsi da ruwa-biyu biyu-biyu. A jiki kuma, layukan farin bas dishi-dishi ne, ɗaya ne kawai ke kaiwa wutsiya. Na mai ratsi a fili suke, a miƙe, da yawa sun kai wutsiya. Na ruwa-biyu ma sun kai, sai dai a kakkarye suke. Wanda ya yi kokwanto gara ya mayar ruwa, domin irin wannan laifi tararsa daga dala 25 zuwa 500 ce, ban da kuɗin diyyar kifin da jiha ke iya nema.

Inda lamarin ya fi daɗin dubawa shi ne Tafkin Teksoma, a kan iyakar Teksas da Oklahoma. Sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ya gina Dam ɗin Denison a kan Kogin Red, aka kammala a 1944. Oklahoma ta fara zuba bas mai ratsi a 1965, zuwa 1974 aka tabbatar yana haihuwa da kansa, abin da tafkuna kaɗan ne suka samu. Kogin Red da na Washita suna ba ƙwan doguwar tafiyar da yake buƙata, ga ɗan gishiri-gishirin da ruwan Red ke ɗauke da shi. Da yake kifin ya wadata, a cikin tafkin ana barin mutum ya ɗauki 10 a rana, babu mafi ƙarancin tsawo, amma 2 kawai za su iya kai inci 20 ko fiye. A nan manyan ake karewa, ƙananan a rage su don abinci ya isa.

Sauko ƙasan dam ɗin, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, lissafi ya koma 5 a rana, ba ƙa'idar tsawo. Kifin da jiya yake cikin goman tafki, yau da ya bi ƙofa ya fito ya shiga biyar ɗin kogi. Ruwa ya taɓa malalowa ta kan mafitar ambaliyar Denison a 1957, 1990, 2007 da 2015, banda sakin ruwan da ake yi don lantarki, saboda haka ƙaura ba baƙon abu ba ce a wurin. Lasisi ma sauyawa yake. Akwai na musamman na dala 12 da ke ba mutum damar fatsa a duk faɗin tafkin, ɓangaren jihohin biyu, amma ba ya aiki a ƙasan dam. A can, mai lasisin Teksas yana iya jefa ƙugiya daga gaɓar Teksas tsakanin dam da rafin Shawnee. Da ya shiga ruwa da ƙafa ko ya hau kwalekwale, sai da na Oklahoma, domin iyakar jihohin tana bin gaɓar kudu ne, ruwan kogin na Oklahoma ne.

A cikin tafkin da ƙasan dam duka an hana musanya. Idan ka riga ka sa kifi a igiya ko a akwatin ruwa, ya shiga lissafinka, ba ka da ikon sakinsa don ka kamo wanda ya fi shi. A ganina wannan ce ƙa'idar da ta fi kowacce ma'ana. Bas mai ratsi ba ya jure wahala a ruwan zafi. Wanda aka tsare aka saki da rani, ko ya yi iyo ya tafi, sau da yawa mutuwa yake yi daga baya.

A Kogin Trinity na Teksas, daga gindin Dam ɗin Livingston zuwa gadar farko da ke ƙasa, an ƙara matsewa: 2 kacal a rana, inci 18. Nan ne hukuma ke zuwa ɗibar iyayen kifin da take ƙyanƙyasa a gidajen renonta, ka ga kuwa ba za ta bari a kwashe su ba.

Ba ko'ina ake lallaɓa shi haka ba. A Kogin Kolorado da ke yammacin Amurka, nesa da Teksas, an zuba shi a Tafkin Mead a 1969, ya bi ta Dam ɗin Hoover ya kafu a Tafkin Mohave. A Tafkin Powell, inda aka zuba shi a 1974, ya yi yawan da har babu iyakar adadin da mutum zai ɗauka. A Teksas kuwa littafin ƙa'idojin fatsa sabo ake fitarwa duk 1 ga Satumba, kuma shafin keɓantattun ruwaye, inda aka jera tafki-tafki da gindin dam-dam, shi ke rinjayar ƙa'idar jiha baki ɗaya a duk inda suka saɓa.