Idan ɓarin jiki ya daina ji farat ɗaya, a nufi asibiti

Jama'ar Damagaram, akwai wata alamar ciwo da nake roƙon mu daina raina ta. Dattijo na zaune kan tabarma yana shan shayi, sai kofi ya suɓuce masa. Hannun dama da gefen fuska sun yi nauyi, ana tsungulinsa bai ji. Sau da yawa sai a ce iska ce ta buge shi, a kawo man zafi a yi ta murza hannun. Alhali hannun lafiyarsa lau, ciwon yana cikin kai.

Duk abin da fata ta ji, zafi ko sanyi ko ƙaya, jijiyoyi ne ke ɗaukar saƙon su bi ta laka su hau ƙwaƙwalwa. A can akwai wani zirin nama da ya taso daga tsakar ka ya gangaro wajen kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, shi ke karɓar saƙon. Hanyar kuwa tana gittawa, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke jin ɓarin dama na jiki. An raba zirin nan yadda aka raba gari unguwa-unguwa, ga Birni ga Zango ga Garin Malam: ƙafa na can sama, hannu a tsakiya, leɓe da harshe a ƙasa. Wani likitan tiyata, Wilder Penfield, shi ya fitar da taswirar nan a Kanada a 1937, yana taɓa ƙwaƙwalwar majinyata da 'yar wutar lantarki suna faɗa masa inda suka ji a jikinsu.

Rabon ba daidai ba ne. Yatsu da leɓe sun ci fili mai yawa, gadon baya kaɗan ya samu. Ku gwada da tsinken ashana biyu: a kan yatsa, ko sun kusa haɗuwa za ka ji biyu ne, amma a gadon baya sai an ware su kamar santimita 4. Ikon Allah ke nan.

To idan jini ya toshe ko jijiyar jini ta fashe a wurin nan, sai ɓarin jiki ya daina ji nan take. Wani lokaci baki ya karkace, magana ta sarƙe. Wannan shi ne farkon shanyewar ɓarin jiki, kuma hawan jini ne babban mai jawo shi. A lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a nemi mota ko adaidaita a nufi babban asibiti. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, don haɗiya na iya gagararsa ya shaƙe. Kada a ba shi asfirin kafin lokotoro ya duba, domin idan jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi. Addu'a a yi ta a hanya. Ko da jin ya dawo bayan 'yan mintoci, a je, gargaɗi ne.

Mutuwar ƙafafu biyu a hankali cikin watanni, wannan daban ne, galibi ciwon suga ne ke cin jijiyoyi. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi kuwa, a gwada kuturta, maganinta kyauta ne kuma ana warkewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yara masu amosanin jini, ciwon da ake gada daga uwa da uba duka. Kusan ɗaya cikin 10 na samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 idan ba kulawa. Uwa, in yaronki mai sikila ya ce hannunsa ya mutu, ko kika ga yana jan ƙafa ɗaya, kada ki jira gari ya waye. Manya kuma, ku tsaya a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a auna muku hawan jini, ko ba ku jin ciwon komai.