Bangon Wasa Mai Amsawa a Dandalin Trampolin

Bangon wasa mai amsawa bango ne da aka haɗa da fitilu, na'urorin gano motsi da kwamfuta, wanda ke mayar da martani idan ɗan wasa ya taɓa shi, ya jefe shi da ƙwallo ko ya yi tsalle a gabansa. An fi samunsa a dandalin trampolin, wato babban zauren da ake jera shimfiɗun tsalle masu sifirin kafaɗa da kafaɗa, jama'a su biya kuɗin awa su shiga. Da zarar hannu ya kai ga abin hari, bangon yakan kunna haske ko sauti ya kuma ƙirga maki.

Asali

George Nissen da Larry Griswold ne suka ƙera trampolin na zamani a shekarun 1930 a Jami'ar Iowa da ke Amurka, suka kuma kafa kamfanin sayar da shi a garin Cedar Rapids. Nissen ya gane da wuri cewa tsalle zalla kan gundiri mutum, don haka ya ƙirƙiro wasan Spaceball, inda 'yan wasa ke tsalle suna jefa ƙwallo ta wata kafa a tsakiya, bayan kowannensu kuma akwai shimfiɗa a jingine da yake dokawa ya dawo. Wajen 1960 wuraren tsalle na fili suka yi tashe a Amurka, sannan suka rushe cikin ɗan lokaci saboda yawan raunuka da tsadar inshora. Wasan trampolin ya shiga gasar Olamfik a Sydney a 2000, kuma a 2004 Rick Platt ya buɗe Sky Zone a Las Vegas, wanda ake ɗauka a matsayin dandali na farko na cikin gini.

Da wuraren suka yawaita, masu su suka fuskanci matsalar da Nissen ya hango: yaron da ya zo sau biyu ko uku ya riga ya ga komai. Bangon da za a sauya wa wasa ta manhaja, ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba, shi ya zama mafita.

Ire-irensa

Mafi sauƙi shi ne mai maɓallai. Ana kafa faifai masu fitilar LED a jikin bango, ɗaya ya kama, ɗan wasa ya daka tsalle ya mare shi, sai wani ya kama a wani wuri. Ya yi kama da na'urorin gwada saurin hannu irin BATAK da 'yan wasan motsa jiki da direbobin tseren mota ke atisaye da su, kuma kamfanin Rugged Interactive na Birtaniya na cikin masu ƙera irinsa.

Na biyu na amfani da majigi da kyamara mai auna nisa, fasahar da ta yi araha bayan Microsoft ya fitar da Kinect, na'urar wasan bidiyo mai gano motsin jiki, a 2010. Majigin ya haska hoto a bango, kyamarar ta bi jikin ɗan wasa ko ƙwallon da ya jefa. Kamfanin Valo Motion na Finland, wanda ya samo asali daga binciken Raine Kajastila da Perttu Hämäläinen a Jami'ar Aalto, ya yi suna da ValoClimb, bangon hawa da ake haska wasanni a kansa, da ValoJump, inda mai tsalle ke ganin kansa a allo cikin wasan. Shi ValoJump ba a taɓa shi ko kaɗan. Jiki ne kawai ke sarrafa shi. Tsarin Lü na Kanada kuwa ya fi karkata ga jifa da ƙwallo a zaurukan makarantu.

Tsarawa

Babban abin da mai tsara bangon ke riƙewa a zuciya shi ne, duk inda ya sa haske nan ɗan wasa zai dubi, nan kuma jikinsa zai nufa. Idan aka kafa abin hari can gefe, yaro zai karkata a iska ya sauka kan soson da ya rufe sifirin ko kan ƙarfen gefe. Saboda haka ake tattara maɓallan daidai faɗin shimfiɗar, a kuma daidaita tsayinsu da ƙololuwar tsalle, domin a nan gudun jiki ke tsayawa na ɗan ƙiftawa kafin ya fara faɗowa, hannu ya fi samun daidaito. Matsalar ita ce ƙololuwar ɗan shekara bakwai daban take da ta saurayi. Bango mai kyau kan raba maɓallan sahu-sahu, manhaja ta kunna sahun da ya dace da matakin da aka zaɓa.

Jinkiri tsakanin taɓawa da amsawa shi ne ke kashe wasa. Wanda ke iska ba zai jira ba. Idan fitila ta makara da ɗan ɓangaren daƙiƙa, sai ya ɗauka bugunsa bai shiga ba, ya sake kai hannu a lokacin da ya kamata ya shirya sauka. A tsarin majigi akwai ƙarin wahala: jikin ɗan wasa na jefa inuwa kan hoton, hasken zauren na dusashe shi, girgizar shimfiɗu kuma na gusar da kyamara daga saitinta. Shi ya sa ake rataye majigin sama can, a kan ginshiƙin da bai haɗu da ƙarfen trampolin ba.

Fuskar bangon dole ta jure mari dubbai a rana daga hannaye masu gumi. Ana rufe fitilun da roba mai tauri da ba ta fashewa, a nutsar da kan ƙusoshi, a toshe duk ramin da yatsa zai maƙale, wayoyi su bi ta baya da ƙaramar wuta. Zagayen wasa kan kasance gajere, saboda tsalle na cin ƙarfi da sauri kuma gajiya na kawo mummunar sauka. Mai dandali ma yana so layi ya riƙa tafiya. Ana kauce wa walƙiyar da ta wuce sau uku a daƙiƙa don masu farfaɗiyar da haske ke tayarwa, ba a kuma dogara ga ja da kore kaɗai wajen bambanta 'yan wasa, tunda akwai waɗanda ba sa rarrabe launukan biyu.

Ƙa'idojin kariya

Wani bincike da mujallar likitancin yara ta Pediatrics ta buga a 2016 ya nuna cewa masu zuwa sashen gaggawa a Amurka da raunin dandalin trampolin sun tashi daga 581 a 2010 zuwa 6,932 a 2014. Targaɗe da karayar ƙafa ne suka fi yawa. Haɗari sananne shi ne mutum biyu a shimfiɗa ɗaya: saukar babba kan cilla ƙarami ba shiri. Wasan gasa a bango na iya ƙara wannan idan bai ware wa kowa shimfiɗarsa da maɓallansa ba.

Ƙa'idar ASTM F2970 ta Amurka, wadda ta fara fita a 2013, da PAS 5000 ta Birtaniya ta 2017, da ISO 23659 ta 2022 sun yi bayani kan gini, soson kariya, tazara da sa ido na ma'aikata. Sun fi mayar da hankali kan ƙarfe da shimfiɗa fiye da abin da manhaja ke umartar yaro ya yi, don haka saurin kunna fitilu da tsawon zagaye galibi suna hannun kamfanin da ya ƙera bangon da mai dandalin da ke saita shi.