Dattijo shi kaɗai a jirgin ruwan shaƙatawa: tambayoyi da amsoshi kan ɗakin mutum ɗaya

Akwai wanda ya kai shekara sittin ko saba'in, ya ajiye aiki, 'ya'ya kowa ya kama gidansa, wani ma abokin zamansa ya riga shi gidan gaskiya, sai sha'awar ganin duniya ta taso masa. Jirgin ruwan shaƙatawa, irin wanda ke yawo da fasinjoji daga tashar wannan ƙasa zuwa ta waccan tsawon mako ko fiye, yana burge irin waɗannan mutane, domin sau ɗaya za ka kwance jakarka, kullum kuma ka wayi gari a sabon gari. Abu biyu ke tsayar da su: kuɗin ɗaki, da fargabar zama bare a cikin dubban mutanen da suka zo bibbiyu. Ga tambayoyin da suka fi damun mai wannan niyya.

Me ya sa ake cewa mutum ɗaya yana biyan kuɗin mutum biyu?

Domin farashin da kamfani ke tallatawa na kai ɗaya ne, bisa zaton cewa mutum biyu za su kwana a ɗakin. Idan ka zo kai kaɗai, gado ɗaya ya tafi a banza, kuma kamfani ya rasa abin da na biyun zai kashe a cikin jirgi wajen sayayya da yawon gari. Sai su ɗora maka ƙari, wanda a manyan kamfanoni yakan kai ninkin kuɗin gaba ɗaya. Tafiyar da aka rubuta dala 900 za ta iya komawa kusan 1,800. A ganina wannan ya fi komai korar zawarawa da dattawa daga teku, kuma saboda shi aka ƙirƙiro ɗakin mutum ɗaya, wanda farashinsa na kai ɗaya ne tun asali.

Yaya ɗakin yake?

Wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin Norwegian Cruise Line. A 2010 ya ƙaddamar da jirgin Norwegian Epic mai ɗakunan mutum ɗaya guda 128, waɗanda ya kira Studio. Kowanne faɗinsa kusan murabba'in mita 9 ne. Ka buɗe ƙofa, gado ne ya cinye rabin wurin. Akwai wurin wanka da bayi, da 'yar ma'ajiyar tufafi, jaka kuma ƙarƙashin gado ake tura ta. Taga ɗaya ce, mai zagaye, kuma ba teku take kallo ba, lungun da mutane ke wucewa take kallo, shi ya sa aka yi mata marufi. Wanda ya saba da ɗaki da rumfa da tsakar gida zai ji kamar an sa shi a akwati a daren farko.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. Cunard ya ƙara ɗakuna 15 na mutum ɗaya a jirgin Queen Mary 2 a 2016, masu taga da ke kallon ruwa. Kamfanin Saga na Birtaniya kuwa yana da jirage biyu, Spirit of Discovery da Spirit of Adventure, kowanne na ɗaukar fasinja 999, kuma kowanne na da ɗakunan mutum ɗaya sama da 100, duk da baranda. Royal Caribbean ya sa wa wasu ɗakunansa marasa taga wani dogon allo da ke nuna tekun da ke waje kai tsaye. Dabara ce mai kyau, amma allo ba ya kawo iska.

Ba zan tarar da ni kaɗai ne mai furfura a cikin matasa ba?

Wannan ita ce tambayar da mutane ke jin nauyin yi, alhali ita ce ainihin abin da ke ransu. Amsarta tana hannun wanda ya zaɓi jirgi da lokaci. Tafiyar kwana uku ko huɗu daga Miami ta Amurka zuwa tsibiran Bahamas a ƙarshen mako ta matasa ce masu neman kiɗa da raye-raye. Lokacin hutun makaranta kuma jirgi cike yake da yara. Amma da tafiya ta kai kwana goma ko sha huɗu, mai aiki ba ya samun hutun da zai ishe shi, sai ka ga waɗanda suka yi ritaya sun fi yawa. Haka hanyoyin da ake zuwa don kallon halitta, kamar Alaska da gaɓar tekun Norway.

Saga ma ba ya karɓar wanda bai kai shekara 50 ba, sai dai ɗan rakiya, shi ma sai ya kai 40. A can furfura ita ce gama-gari. Kamfanonin Fred. Olsen da Holland America da Cunard su ma an san su da fasinjoji masu shekaru.

Ko a jirgin da aka gauraya, wanda ya zo shi kaɗai yakan nemi ɗan'uwansa mai zuwa shi kaɗai, ba tare da duba shekaru ba. Malamar asibiti 'yar shekara 35 da tsohon malamin makaranta ɗan shekara 72 matsalarsu ɗaya ce da magariba: da wa zan ci abinci?

To a ina ake samun sabo?

A teburin cin abinci, fiye da ko'ina. Jirage da yawa suna ba ka zaɓi biyu. Ko dai ka ci a duk lokacin da ka ga dama, ko kuma a ba ka tsayayyen lokaci da tsayayyen tebur, inda za ka riƙa zama da mutanen nan dai kowane dare. Shawarata ga dattijon da ya zo shi kaɗai ita ce ya ɗauki na biyun, ya kuma nemi tebur na mutum shida ko takwas. Na mutum huɗu yana da haɗari: idan aka haɗa ka da miji da mata marasa magana, mako guda zai yi maka tsawo. A tebur na takwas kuwa, ko biyu ba su yi maka ba, akwai saura. Daren farko gaisuwa ce da tambayar daga ina. Dare na uku an san wanda ba ya cin yaji da wadda ke da jika a jami'a. Dare na biyar, idan kujerarka ta zauna babu kowa, wani zai tambayi ma'aikaci ko lafiya. Wannan tambayar ita ce abin da mai tafiya shi kaɗai ke nema, ko da bai faɗa ba. Idan teburin bai yi ba, ka je wurin shugaban masu hidimar abinci washegari ka nemi sauyi. Sun saba, babu wanda zai ga baƙinka.

A jiragen Norwegian masu ɗakunan Studio akwai wani falo na musamman wanda katin ɗakin ne ke buɗe ƙofarsa. Ana ajiye shayi da kofi da biskit. Kowane yamma wani ma'aikaci yakan tara masu tafiya su kaɗai, ya tambayi wa ke son cin abinci tare yau, wa ke son kallon wasan dare, ya kama musu wuri. Ka je taron ranar farko ko da gajiya ta kama ka, domin a nan ake ƙulla rukuni, wanda ya bari sai rana ta huɗu yakan tarar kowa ya san kowa. Sauran jirage ma suna sa irin wannan haɗuwa a jadawalin shirye-shiryensu na kowace rana.

Bayan tebur, sai abin da ake maimaitawa kullum a wuri ɗaya da lokaci ɗaya: gasar kacici-kacici, wadda ƙungiyoyinta kullum suna neman ƙarin mutum, da laccoci, da zagayen motsa jiki da safe. Fuskar da ka gani sau uku ta daina zama baƙuwa.

Ni ba na rawa, ba na shan giya. Akwai wurina?

Akwai. Gaskiya ne cewa a jiragen Turai da Amurka mashaya tana ko'ina, kuma wasu tarukan masu zuwa su kaɗai a can ake yin su. Amma babu mai tilasta maka, kuma dattawa da yawa daga can ba sa sha saboda magani. Ɗakin karatu da wurin shan shayin la'asar sun isa mutum ya yi abokai.

Ga Musulmi, maganar abinci tun kafin tafiya ake yin ta. Wasu kamfanoni suna tanadar naman halal idan an sanar da su da makonni, wasu ba sa yi, sai mutum ya tsaya kan kifi da ganye, waɗanda ba sa yankewa. Inda alƙibla take a ɗakinka yana sauyawa duk lokacin da jirgi ya juya, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna inda jirgin yake da inda ya dosa. A ɗakin Studio wurin shimfiɗa darduma ɗan siriri ne a gefen gado, mai ciwon gwiwa ya yi la'akari da wannan. Tun Disambar 2024 kuma akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Bahar Maliya, babu giya a cikinsa, abincinsa halal ne.

Ɗakin mutum ɗaya koyaushe ya fi araha?

A'a. Ba su da yawa, ana kuma rububinsu, don haka wani lokaci ɗakin mutum biyu da aka yi wa rangwame yakan zo daidai da shi, ko ƙasa. Ka duba duka biyun kafin ka biya. Ka kuma lissafa tukwicin ma'aikata, wanda kamfanonin Amurka ke cira kai tsaye, kusan dala 16 zuwa 20 kowace rana.

Idan ciwo ya kama ni cikin dare fa, babu kowa a ɗakin?

Manyan jirage suna da likita da ma'aikatan jinya, kuma lambar gaggawa tana jikin wayar ɗakinka. Sai dai ba kyauta ba ne, kuma idan abin ya yi tsanani za a sauke ka a tasha mafi kusa, a ƙasar da ba ka san kowa ba. Saboda haka inshorar tafiya da ta haɗa da jinya da mayar da kai gida dole ce, kuma ka faɗa musu gaskiyar ciwon da kake da shi, hawan jini ne ko sukari, don kada su ƙi biya daga baya. Magungunanka su kasance a jakar hannu, da rarar kwanaki, domin babbar jaka takan ɗauki sa'o'i kafin ta iso ɗaki. Ka rubuta sunayensu da lambar wani naka a takarda, ka ajiye a inda ido zai gani. Mai gyaran ɗakinka yana shigowa kullum, ka san sunansa, ka gaya masa kai kaɗai ne. Mai saurin jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, nan ne tangaɗi ya fi sauƙi.

In jirgi ya tsaya a gari, in fita ni kaɗai?

A tafiyar farko, gara ka bi yawon da jirgin ya shirya. Ya fi tsada, amma idan motarsu ta makara jirgi zai jira ta. Wanda ya fita da kansa ya makara, sai dai ya hangi jirgi yana tafiya, kuma da kuɗinsa zai bi shi tasha ta gaba. Mai fasfo na Najeriya ko Nijar yana da ƙarin aiki: kowace ƙasa da jirgi zai tsaya sai an duba maganar bizarta, ko da ba ka da niyyar sauka, domin za a iya hana ka hawa tun daga tashar farko. A Bahar Rum, idan jirgi zai fita daga ƙasashen Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ya sake komowa, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, ka nemi mai ba da damar shiga sau da yawa.