Tafiyar jirgin ruwa zuwa Fair Isle

Fair Isle tsibiri ne a arewacin Sukotilan, tsakanin tsibiran Orkney da na Shetland. Tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba, mazaunansa kimanin mutum 60, kuma tun 1954 yake hannun National Trust for Scotland, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi da muhalli a Sukotilan. Daga Sumburgh Head, wato kudancin Shetland, tazarar kusan kilomita 39 ce. Nisan ba shi ne abin tsoro ba, ruwan da ke tsakani ne.

A nan Tekun Atilantika da Tekun Arewa suke haɗuwa. Duk lokacin da ruwa ya ciko ko ya janye, sai ya kwararo ta wannan mashiga da ƙarfi. Kudu da Sumburgh akwai wurin da mutanen yankin ke kira Roost. In iska ta fuskanci ruwan da ke gudu, raƙuman ruwa sukan miƙe tsaye, kusa da kusa, su riƙa karyewa a kan jirgi. Shi ya sa mai ƙaramin jirgi da ke tafiya da iska ba ya tashi sai ya duba jadawalin cikowa da janyewar teku, ya daidaita wucewarsa da sa'ar da ruwa ya lafa, ya kuma ba bakin dutsen Sumburgh tazara mai yawa. Wanda ya yi gaggawa ya fi kowa shan wuya. A 1588 jirgin yaƙin Sifaniya, El Gran Grifón, a duwatsun Fair Isle ya farfashe.

Hasumiyoyin fitila biyu ne ke nuna hanya, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, duka na 1892. Ta kudun ce ta ƙarshe a Sukotilan da aka janye masu gadinta, a 1998.

Matsaya ta ƙwarai ɗaya ce tak, North Haven, a arewa maso gabas. Bakinta matsattse ne, da duwatsu hagu da dama. Akwai katangar tare igiyar ruwa, amma in iska ta juyo daga arewa ko arewa maso gabas, ruwan ciki yakan riƙa tunkuɗa jirgi yana buga shi da bango. Don haka ake rataya manyan matasai na roba a gefe, a ɗaure da dogayen igiyoyi masu sassauci, saboda ruwa na hawa yana sauka. Gajeriyar igiya takan tsinke ko ta rataye jirgin. Mashigar kudu cike take da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, baƙo bai kamata ya gwada ta ba.

Baƙo kuma dole ya bar wa jirgin gari wurinsa. Jirgin Good Shepherd IV, wanda mutanen tsibirin ke tuƙawa tun 1986, fasinja 12 yake ɗauka, yana yin kusan awa biyu da rabi zuwa Grutness, matsayar jirgi a kudancin Shetland. Da shi ake kawo abinci da mai da wasiƙu, da shi ake fitar da tumaki. Mota kuwa injin ɗaga kaya ke cicciɓarta ya ɗora. In yanayi ya ɓaci akan jawo shi daga ruwa zuwa wani lungu da aka sassaƙa cikin dutse, ya zauna a can har teku ta kwanta.